Ɗan Farina Bai Taɓa Jin Muryata Ba

Ciwon da ya ɓata mini ɗan fari bai ko kwantar da ni ba. Ina cikinsa na daka gero, na je rijiya, na yi tuwon gida.

Da bazara ne, a Gure, shekara ta biyu da aurena, zamanin da Nasara ke kwasar maza aikin hanyar mota mai zuwa Damagaram. Maigidana manomi ne, da rani kuma yakan gangara kwari haƙar kanwa. Ni ina saƙar tabarmar kaba tare da uwarsa, wadda nake kira Iya. Mutanen gidan Manganci suke yi tsakaninsu, sai sun juyo gare ni su yi Hausa, don ni 'yar Gidigir ce, da Hausa na tashi.

Ciwon ƙuraje ne, ya shigo unguwa ta kan yara. Yaro ya yi ɗan zazzaɓi, jikinsa ya feso, kafin a gama neman magani ya koma wasa. Wata safiya na tashi da kaluluwa a bayan kunne, gaɓoɓin yatsuna suna ciwo, fuskata da ƙirjina sun yi rududu da ƙananan ƙuraje kamar an watsa mini dusa. Iya ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta duba idona, ta sa na buɗe baki.

Ta ce, “Ba ƙyanda ba ce, ƙanwarta ce. Wannan ba ta kisa. Sha tsamiya ki koma aikinki.”

Na sha, na koma. Abin da ban gaya mata ba shi ne na yi ɓatan wata, har na biyu ya shiga. Amarya ba ta faɗin irin wannan da bakinta, sai an gani. Maƙwabciyarmu, wadda muke zuwa rijiya tare, ita ma ta yi ƙurajen, ita ma tana da ciki, nata ya ɗan girmi nawa. Muka yi ta yi wa juna dariya a bakin rijiya, wai mun zama kamar zabi. Ƙurajen suka baje, ba su bar ko tabo ba, muka manta.

Cikin bai yi girma ba. Da damina ta yi nisa mata sukan dube ni su ce kamar ban kai watannin da nake ciki ba. Motsinsa ma kaɗan-kaɗan ne, kamar mai jin nauyin mutane. Da aka fara yankan gero aka ɗora ni a kan takarkari aka kai ni Gidigir goyon ciki wurin innata.

Haihuwar ba ta ba ni wuya ba, don ba wani abu ne mai nauyi ya fito ba. Ungozoma ta ɗaga shi. Innata ta leƙo. Ba a yi guɗa ba sai da aka mari ƙafarsa ya yi wani siririn kuka kamar na ɗan akuya. Namiji ne. Tafin hannun innata biyu sun ɗauke shi har da saura. Jikinsa duk ɗigo-ɗigo baƙi-baƙi masu shuɗi, kamar an matse masa 'ya'yan ɗinya a fata. Ungozoma ta ce mabiyiyar ma 'yar mitsitsiya ce, ba ta taɓa binne irinta ba.

Ranar suna aka yanka rago, malam ya raɗa masa suna a kunne. Ba zan rubuta sunan ba. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa faɗinsa ba, hannuna ma ba zai rubuta ba, ko da yake da tsufana na koyi rubutun nan a karatun manya.

Ba wanda ya haɗa ƙurajen bazara da yaron da aka haifa da kaka. Ni ma ban haɗa ba sai da na yi furfura. Jikata ce ta haɗa mini. Tana aiki a likita a Damagaram, wajen da ake duba jini da madubi mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ta zo hutu, muna gyaran kaba, ta ce ana yi wa 'yan mata bayani a kan wani ciwo da suke kira rubewol, mai sauƙi ga babba, mai ɓarna ga ɗan ciki. Tana ta lissafa alamominsa, ni kuwa kabar ta faɗi daga hannuna.

Na ce, “Ke, tsaya. Yaya ƙuraje a fatata za su shiga idon wanda ba a haifa ba?”

Ta ce, “Kaka, ba ƙurajen ne ciwon ba. Ciwon wata ƙwaya ce da ake kira birus, ta fi ƙarfin ganin ido, ta fi ƙarfin madubin da nake aiki da shi ma. Tana bin jini, ta ratsa mabiyiya, ta isa ga ɗan tayi.”

“To in ta isa, sai ta ci shi?”

“Ba ci irin na tsutsa ba. Jikin ɗan tayi ƙananan ɗakuna ne masu rai, ba su ƙirguwa. Kowane ɗaki yana karɓar abinci daga jinin uwa, ya ƙona shi ya sami ƙarfi, ya gina kansa, sannan ya rabu biyu. Biyun su rabu huɗu. Haka ido ke samuwa, haka kunne, haka zuciya. Ita ƙwayar ba ta iya sarrafa abinci da kanta. Sai ta shiga ɗakin, ta juya aikinsa. Abincin da zai gina kansa da shi, da ƙarfin da ya tara, sai ya koma ƙera mata 'ya'ya.”

“Ɗakin ya mutu ke nan.”

“Wani ya mutu. Da yawa ba su mutuwa, sai dai su yi rauni, su daina rabuwa a kan lokaci. Kuma kowace gaɓa tana da lokacinta. In lokacin ginin ido ya wuce ɗakunan ba su cika ba, ba a komawa baya. Shi ya sa ake haifar yaron ƙarami. Ba yunwa ba ce, kaka. Ko me kika ci, adadin ne bai cika ba.”

Na sunkuya na ɗauki kabar. Abin da aka yi ta faɗa mini ke nan a lokacin, wai ban ci abinci ba, wai nonona ba shi da kyau.

Bayan arba'in aka mayar da ni Gure. Ɗige-ɗigen jikinsa sun ɓace, amma bai ƙara wani nauyi ba. In ya kama nono sai ya ja kaɗan ya saki, yana haki, gumi ya jiƙa masa goshi kamar wanda ya yi noma. In na ɗora hannu a ƙirjinsa sai in ji wani gurnani a ciki, irin na kyanwa in ana shafa ta. In na goya shi, gurnanin nan yana bayana duk inda na je.

Iya ce ta fara ganin idon. Tana sa masa kwalli ta kira ni. A tsakiyar baƙin kowane ido akwai fari, kamar ɗigon nono. Ta wuce da hannu ta gaban fuskarsa, bai ƙifta ba.

Kunnen kuwa sai daga baya. Yana kwance a tabarma a inuwar zana, na sauke tulu daga kaina, ya suɓuce ya tarwatse dab da kansa. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Shi ko motsi bai yi ba sai da ruwan ya kai ga ƙafarsa, sannan ya zabura. Iya ta dube ni, na dube ta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tasa da wuƙa, ta durƙusa ta ƙwanƙwasa a kunnensa na dama, ta ƙwanƙwasa a na hagu. Yana ta tsotson hannunsa.

Ta ajiye tasar ta ce, “Inna lillahi.” Ta shiga ɗakinta, ba ta fito ba sai la'asar.

Maigidana ya kai shi bariki wurin mai magani, wani mutumin yamma da ya yi karatun likita. Na bi su a baya. Mutumin ya duba idon, ya ɗora abin sauraro a ƙirjin yaron ya daɗe yana ji. Ya ce da maigidana a hankali akwai ƙofa a zuciyar da ya kamata ta rufe ba ta rufe ba, shi kuma ba shi da maganinta, ko a Damagaram babu. Ya ba mu man ido don kada mu koma hannu wofi. Muka sha rubutu, muka yi hayaƙi, aka ɗaura masa laya har wuyansa ya yi masa nauyi.

A wurinmu uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, in ya yi kuka sai wani ya ce mata ta ɗauka. Haka na tashi na gani, haka nake yi. In da mutane a tsakar gida sai in ba shi nono fuskata a juye, in ajiye shi. Wata rana Iya ta same ni na ajiye shi yana ta laluben iska da hannuwa.

Ta ce, “Yarinya, ajiye kunyar nan.”

Na sunkuyar da kai.

“Da ke nake. Wannan ba shi da ido, ba shi da kunne. Fata kaɗai gare shi. In ba ki taɓa shi ba, bai san yana da uwa a duniya ba. Ɗauke shi. Wanda ya yi magana ki turo mini shi.”

Daga ranar na daina ajiye shi. Mata suka yi ta gulma, wai ba ni da ta ido. Na bar su. Ya san ni da ƙanshi, ya san ni da wani tabon ƙuna da ke hannuna na hagu, shi yake fara nema da yatsa. In ina waƙar daka yana goye, sai ya lafe. Na gane rawar muryar yake ji a ƙashin bayana. Sai na riƙa ɗora hannunsa a maƙogwarona ina yi masa magana. A haka ya yi dariyarsa ta fari, ba sauti, baki kawai a buɗe. Yana kuma son rana. In aka fitar da shi sai ya ɗaga fuska sama, ya riƙa kaɗa yatsu a gaban idonsa. Ina jin wani ɗan haske yana shiga.

Maƙwabciyar tamu ta haifi mace, kyakkyawa, idonta garau, tana girma yadda ya kamata. Sai da ta shekara aka gane ita ma ba ta ji. Wata mata a bayan kasuwa ta yi ɓari, wata ta haifi gawa. Mutane suka ce shekarar ce ba ta da kyau ga masu ciki.

Yaron ya shekara bai zauna ba. Wuyansa na lanƙwashewa, ƙafafunsa kamar karan dawa. A nan ne maganar ɗan ruwa ta taso. Da rani aka kwashi maigidana aikin hanya, sai ga gwaggon maigidan nawa, yayar ubansa, ta zo daga Bune. Tsohuwa ce mai faɗa a ji, ko Iya ba ta ɗaga mata murya. Ta zauna ta ƙura wa yaron ido yana kaɗa yatsu a rana.

Ta ce, “Wannan ba mutum ba ne. Da wa yake magana da hannu? An musanya muku tun a ciki. Ku kai shi bakin ruwa, ku aje masa fura da ƙwai, ku ɓuya. In na aljanun ruwa ne zai rikiɗa ya shige. In ba ku mayar ba, wannan yarinya ba za ta ƙara haihuwar kirki ba.”

Na ce, “Gwaggo, ɗana ne. Ni na haife shi.”

Ta ce, “Ji marar kunya. Ɗan fari take cewa ɗana.”

Ta juya ga Iya suka koma Manganci. Na tsinci kaɗan, ban tsinci sauran ba. Kwana da kwanaki suna wannan magana, in na shigo su yi shiru.

Ranar kasuwa Iya ta ce in kai tabarmi, in bar mata yaron don rana ta yi zafi. Ban kawo komai a raina ba, ita ce fa ta ce in riƙa rungumarsa. Na sayar da abin da na sayar, nono ya cika mini, na dawo da wuri. Gida ba kowa. Tabarmarsa tana nan, zanen goyonsa babu. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan zana, 'yarta a kafaɗa.

Ta ce, “Sun yi kwari. Tun hantsi. Yi sauri.”

Ban san yadda na ratsa tudun yashin nan ba. Takalmina ya tsinke na bar shi. Kwarin yana da ɗan tafki mai ruwan kanwa wanda ba ya ƙafewa, goruba ta kewaye shi. Na hango su biyu, Iya da Gwaggo, a tsugune bayan wata goruba, sun juya mini baya. Can gaba, a kan danshin bakin ruwa, yaron ne kwance tsirara a kan zane, ƙwaryar fura a gefensa da ƙwai. Ba ya kuka. Muryarsa ta riga ta ƙare. Hannuwansa kawai ke yawo a iska, suna buɗewa suna rufewa, tururuwa ta hau masa ƙafa.

Na wuce su. Gwaggo ta kamo zanena tana cewa in tsaya, lokaci bai yi ba, idon mutum ne ke hana su rikiɗa. Na fizge. Na ɗauke shi, jikinsa zafi rau. Ya laluba hannuna, ya sami tabon, ya riƙe. Leɓunansa sun yi shuɗi. Na zauna a nan cikin laka na ba shi nono, ya kasa ja, sai na riƙa matsa masa a baki.

Iya ta taso ta tsaya a kaina. Fuskarta sharkaf da hawaye. Ta ce, “Na ce ko za a ba mu namu ne.” Na ci gaba da matsa masa nono. Ta durƙusa tana cire masa tururuwa ɗaya-ɗaya.

Gwaggo ta koma Bune washegari. Da maigidana ya dawo maƙwabta suka gaya masa. Mutum ne marar magana. Ya je wurin malamin unguwa, malam ya aiko a gaya wa matan gidan cewa abin da aka yi ba ya cikin addini, yaro amana ne ko yaya aka halicce shi. Maigidana bai yi wa uwarsa faɗa ba, amma ya daɗe ba ya cin tuwo in ita ta tuƙa. Ni da Iya muka ci gaba da saƙa a tabarma ɗaya. Ba mu taɓa tayar da maganar ba har ta rasu. Ban kuma ƙara bar mata shi ba, ita ma ba ta ƙara tambaya ba.

Ya kai damina ta biyu. Haƙora suka fito masa, ya koyi shan kunu a ludayi, har ya fara jingina da cinyata ya zauna. Na fara sa rai. Sai tari ya kama shi da ruwan farko. Ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya kumbura, in na kwantar da shi ba ya iya numfashi sai na miƙar da shi. Saboda haka kullum yana bayana, a tsaye, ko ina aiki ko ina zaune.

Ranar muna gona ana noman farko, da hantsi, ina tafe bayan maigidana ina cirar gero inda ya yi yawa. Gurnanin nan yana bayana kamar kullum, sai dai yana sauri yana tsayawa. Na sunkuya na ciri wani, na miƙe. Sai na ji bayana shiru.

Na tsaya. Na jira ya dawo. Nauyinsa ya sauya, ya zama kamar na kaya. Ban kwance goyon ba. Ban kira maigidana ba. Na ajiye abin da ke hannuna na kama hanyar gida, ina tafiya a hankali kamar kada in tashe shi. Na gamu da mata suna gaishe ni da aiki, ina amsawa.

Iya tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafafunsa da ke reto a gefena. Ta ajiye rariya ta zo bayana, ta kwance majanyi da hannunta, ta karɓe shi. Ta rufe masa fararen idanun nan. Ta aika a kira maigidana da malam.

Kafin azahar an gama. A cikin wata 'yar tabarma da na saƙa aka naɗe shi, maigidana ya ɗauke shi a hannu kamar zai kai shi unguwa. Mata suka cika gida. Uwa ba ta kukan ɗan fari, kowa yana kallona ya ga ko a nan ma zan yi rashin kunya. Ban yi kuka ba. Ba don su ba, hawayen ne bai zo ba. Iya ce ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Wata mata ta dafa ni ta ce Allah ya hutar da ni, shi ma ya huta. Na san da alheri take nufi. Ban ƙara shiga gidanta ba.

Nono ya yi ta zuba yana jiƙa mini zane. Iya ta ɗaure mini ƙirji da tsumma, ta dafa mini wasu saiwoyi masu ɗaci. Da aka yi sadakar uku na koma gona, don ciyawa ta fara cin geron.

Na haifi wasu bayansa, dukkansu da idonsu da kunnensu. Jikata ta ce wadda ta yi ciwon sau ɗaya ba ta sake yi. 'Yar maƙwabciyata ta girma, ta iya saƙa fiye da kowa a unguwa, aka aurar da ita a Alakoss, ta haifi 'ya'ya masu ji.

Mata ba su shiga maƙabarta. Wata rana muna dawowa daga gona na tambayi maigidana inda aka sa shi. Ya tsaya, ya nuna mini da haɓa daga nesa, ya ce gefen gabas, kusa da wata aduwa, inda ake sa yara. Na duba, ban rarrabe komai ba, ƙananan tudu ne da ƙaya a kansu. Bayan wasu shekaru aka sare aduwar, yashi kuma ya gangaro ya rufe wannan gefen duka.